An Ce Ladi Ta Rame a Fallomi

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta ce, "Asabe, yaya ƙasar Faransa?" Na gaya wa wannan a bakin murhu, na gaya wa waccan a bakin rijiya, har labarin ya fara zagayowa yana dawo mini da abin da ban faɗa ba. Jiya ma aka ce wai ɗaure ni aka yi a kan iyaka. To, tun da yau kun taru, ku gyara zama in ba ku shi daga tushe, kowacce ta ji da kunnenta.

Kun san autata Ladi, wadda Abakar Bashuwe mai kawo shanu kasuwar nan ya aura ya tafi da ita garinsu, Fallomi, can ƙasar da ke hannun Faransa. Kun kuma ga yadda muka kai ta ɗaki: wuya ya cika, kumatu sumul, don sai da na zauna a kanta da fura da man shanu kafin biki. To bayan damina sai ga wani bafatake mai kai goro can ya biyo gaishe da Malam, maigidana. Ina daga bayan zana na ji yana cewa, "Na ga 'yarku a bakin kogi. Ta rame ƙwarai, ba don idon ba da ban gane ta ba."

Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba. Ni a ganina mace in ta rame a gidan miji, ɗayan biyu ne: ko yunwa ko baƙin ciki. Na tasa Malam a gaba har sai da ya ce, "To je ki gani da idonki. In wahala take sha, ku taho da ita, na yarda." Ya haɗa ni da ƙanena Jibrin, dillalin shanu, da yake yana ɗan jin Larabcin Shuwa. Na ɗaure guzuri, dakuwa da dambun nama, na kuma cika ƙaramin tulu da man shanu, wai na farfaɗo da 'yata.

Rigimar farko tun a tasha aka yi ta. Direban lorin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Iya, ke tsakiyar bodi za ki zauna. In kika koma gefe, a kwanar farko za mu kwanta." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, don ni ƙibata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na ce masa, "Kai da iska za ta ɗauke ka, riƙe sitiyarinka da kyau." Aka tura ni sama, Jibrin na ja, wasu na turawa, na zauna a kan buhun gero.

A Damagum muka tsaya aka zuba wa mota ruwa, Fulani suka kewaye mu da ƙoren nono. Na zaɓi wadda ta fi kumari na saya a wurinta, na ƙyale wata doguwa siririya da ta riga kowa miƙo mini ludayi. Jibrin ya saya a wurin siririyar. Nawa ya sha ruwa har ana ganin gindin ƙwarya, nasa kuwa kindirmo ne mai yanki. Ya riƙa siɗe ludayi yana kallona. Na ce masa dace ya yi.

Muka wuce Damaturu, mota na jijjiga mu kamar tsaba a faifai, muka isa Yerwa ƙuguna kamar ba nawa ba. Muka sauka a gidan wani fatoma da Jibrin ya sani, wato mai saukar da baƙi 'yan kasuwa. Ku da ba ku je ba, Yerwa gari ne. Mata na jan zane a ƙasa ba mai gaggawa, ƙamshin turaren wuta ya riga mutum shiga ɗaki kuma ya daɗe bayan fitarsa. Gaisuwa kuwa, Barebarin nan namu ashe gajarta mana suke yi. A can in aka fara "Wushe, wushe" ana tafa hannu a hankali, sai ruwan da aka kawo maka ya huce. Aka ba mu burabusko da miyar kuka wadda ta ji kifi, na ci na yi hamdala.

A Yerwa, a tashar motocin Dikwa, na haɗu da Ya Falmata. Ina zaune a kan buhuna sai na ga ana turo wata mace sama, tana nishi, gumi na zuba. Faɗinta ya kusa nawa. Nan take zuciyata ta kwanta da ita, na matsa na ce, "Zo nan kusa da ni, 'yar'uwa, mu biyu mu riƙe musu motar." Ta yi dariya, ta zauna da ƙyar. Babarbariya ce, Hausarta na da ɗan lanƙwasa irin ta mutanen nan namu, ta ce kai-kawo take yi tsakanin Yerwa da Fallomi. Na lura fuskarta 'yar ƙarama ce, wuyan hannunta ma haka, amma na ce a raina wasu ƙibarsu a gangar jiki take tsayawa.

Kafin mu yi nisa mun zama kamar tare muka tashi. Na buɗe dambun nama, ta fito da dabino. Ga ta da ban dariya: tana kwaikwayon Bature in yana ciniki da Barbarci, tana kwaikwayon direba, har wani malami da ke ta jan carbi a gefe ya kasa daurewa. Da taya ta faɗa tsagin firgi, baƙar ƙasar nan tasu mai dardarewa in ta bushe, aka ce kowa ya sauka, ita ta riƙe hannuna muka taka a hankali ta gefen gonakin masakwa. Ban taɓa ganin dawar da ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke ba, ga ta kore shar, ba ɗigon ruwan sama.

Na ba ta labarin Ladi tun daga farko. Da na ga tana saurare, sai na saki baki. Na ce, "Ni fa, Ya Falmata, ban yarda da ramammen mutum ba. In ba ciwo ba ne, to rowa ce, in ba rowa ba, mugun abu ne a ciki yake cin sa. Dubi ni da ke, daga gani an san zuciya wankakkiya ce."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Haka ne, Ya Asabe? Faɗa mini dai."

Na kuwa ci gaba da faɗa har muka shiga Dikwa. A can muka kwana a rumfar wata mai tuwo. Zafi ya sa na rage kaya, ita kuwa ko ɗankwali ba ta cire ba, ta ce sauron Dikwa ba ya jin magana.

Washegari da hantsi muka iso Gambaru, inda ƙasar Ingilishi ta ƙare. Ɗan rafi ne kawai a tsakani, amma kana ƙetarewa komai ya juye. Mota ta bar hannun hagu ta koma dama, hular 'yan doka ta sake, kuɗi ma ya zama takarda mai yawa marar auki. Masu binciken kaya, su a can duwan ake ce musu, suka jera mu a rana. Baturensu na zaune a inuwa yana fifita da hula. Wani dogon soja mai jar dara ya biyo layi yana leƙa ƙunshin kowa. Da ya zo kaina sai ya tsaya, ya zagaya ni, ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Wannan ba jiki ba. Wannan kaya."

Jibrin ya raɗa mini cewa mata kan naɗe atamfar Ingila a jiki su ƙetare da ita ba tare da an biya kuɗin fito ba, shi ne ake zargina. Na ce, "Ni? Wallahi tun ina budurwa haka nake!" Ba wanda ya saurare ni. Aka kira matar wani soja ta shiga da ni bukkar zana. Ta taɓa nan, ta matsa can, ta mintsini damtsena har na yi ƙara. Sai ta leƙa waje ta ɗaga murya ta ce, "Duka nata ne!"

Layi ya kece da dariya, har Baturen. Sojan nan kunya ta kama shi, ya riƙa sosa ƙeya. Ya Falmata ce a bayana, ko kallon kirki bai yi mata ba, ya kaɗa hannu ya ce ta wuce. Wannan shi ne ɗaurin da kuka ji an ce an yi mini. Na yi dariya tare da su, amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Mutum bai san sunana ba, bai san daga gidan da na fito ba, ya dubi jikina kawai ya mai da ni ɓarauniyar hanya. Na yi ta mita a mota, Ya Falmata na ba ni haƙuri tana goge gumi.

Da la'asar sakaliya muka isa Kusuri, garin da ke bakin kogi, ana hango Fallomi a wancan hayi. Ya Falmata ta ce mu sauka gidan ƙanwarta mu huta. Muna shiga ɗaki ta saki labule, ta zaro bakin wani zane daga hammatarta ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe nan da kyau, Ya Asabe, kada ki saki."

Na riƙe. Sai ta fara juyawa. Tana juyi, atamfa na warwarewa, sabuwa fil mai ƙamshin kanti. Wannan turmi ya ƙare, ta miƙo mini bakin wani. Ina ja, tana juyi, tana raguwa a kan idona. Ciki ya tafi, ƙugu ya tafi, ƙirji ya tafi. Da ta tsaya, sai ga wata 'yar mace a gabana cikin zane ɗaya, siririya kamar muciya, ana ƙirga haƙarƙarinta, tana sauke numfashi tana cewa, "Alhamdu lillahi, na sha iska."

Na zauna daɓas a kan tulin atamfa. Duk abin da na faɗa a mota ya riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, rowa, ciwo, mugun abu. Ita kuwa dariya har da hawaye. Ta ce, "Tun da na hango ki a tasha na ce Allah ya kawo mini garkuwa. In aka bincike ki aka ji kunya, wa zai taɓa ta bayanki?"

Na ce, "Ashe da atamfa na yi ta ƙawance."

Ta daina dariya, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "A'a. Atamfa ce ta ba ki dabino? Ita ta riƙe hannunki a firgi? Ni ce dai. Ni kuwa haka uwata ta haife ni, na haifi 'ya'yana, ban taɓa kwanciya ciwo ba sai na haihuwa." Sannan ta ce, "Mai goron nan, bayan ya ce 'yarki ta rame, me kuma ya ce? Ya ce ya gan ta tana kuka? Ya ce an doke ta?"

Na lalubi zuciyata, ban sami komai ba. Na ce, "Iyakar abin da ya faɗa ke nan."

Ta ce, "To ki shiga gidan mutane da sallama, kada ki shiga da faɗa."

Da safe muka yi ban kwana, ta cusa mini ƙullin turaren wuta a hannu. Muka gangara bakin ruwa. Ni da ban san ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba, na ga kogi shimfiɗe, masunta na ɗaga wata babbar koma da itatuwa kamar fukafukai. Mai kwalekwale ya dube ni ya fara wani dogon bayani, ban jira Jibrin ya fassara ba na ce, "Na sani, tsakiya." Na zauna a tsakiya na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji ƙasa.

Fallomi gari ne mai faɗin titi da itatuwa a jere. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya ba kunya. Shayi kuwa a 'yan ƙananan kofunan gilashi ake sha, ja wur, zaƙi kamar zuma, kuma ba sau ɗaya ba. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan su Abakar. Muna sallama sai na ji muryar da na sani ta ce, "Inna? Inna ce! Kawu!"

Ta taho a guje ta faɗa jikina. Na rungume ta, hannuna ya zagaye ta har ya yi saura. Gaskiyar mai goro, ta rame. Bakina ya buɗe zai fara, sai na tuna 'yar matar nan tana juyi a ɗaki, na haɗiye. Na ce, "Ladi, mun same ku lafiya?"

Uwar mijinta ta fito tana "Lale, lale," doguwa ce siririya mai zanen shuɗi. Am Abakar ake ce mata, wato uwar Abakar. Ku ji wani abu: mu nan sunan ɗan fari ko da wasa ba ma faɗa, su kuwa da sunan ɗan farin ake kiran uwa, tana amsawa da fara'a. Abakar ya dawo daga kasuwa ya durƙusa har ƙasa, nan da nan aka kama rago.

To, a nan ni ma na ga tawa. Aka kawo mini akushi wanda mutum huɗu za su ci su bari: kisira, wata 'yar waina ce mai faɗi marar kauri kamar ganye, da miyar kuɓewa, da kifi, da nama tuli. Kun san cina, ko rabin na Jibrin ba na yi. Na ɗan taɓa na ture. Am Abakar ta tafa hannu, ta ce wa Ladi ta tambaye ni ko abincin ne bai yi mini ba, don mace kamata ba za ta ƙoshi da wannan ba. Da na ɗauki tsintsiya sai a ƙwace, wai kada in faɗi. Da na ce zan bi su kasuwa, sai aka fara neman jaki. Gadon da aka ba ni ma sai da aka ƙara masa turaku. Duk da alheri suke yi, amma na ji kamar ba ni suke gani ba, wani buhu suke lallaɓawa. Ranar da na ƙwace taɓarya na daka musu gero tas ina waƙa, Am Abakar ta riƙe baki, ta kira maƙwabta su zo su gani.

Ina nan ina zuba ido a kan Ladi. Na ga tana cin abinci ta fi ni. Na ga ta ɗauki kwandon busasshen kifi da ni ba zan iya ɗagawa ba, ta kai kasuwa ta sayar, tana ciniki da Larabci kamar a can aka haife ta. Na ga Am Abakar na tsefe mata kai suna hira suna ƙyalƙyala dariya. Na ga mijinta ba ya shigowa hannu sake. Na nemi abin da zan riƙe in ce ga shi, ban samu ba.

Duk da haka hali bai bar ni ba. Wata rana da hantsi muna mu biyu, na fito da tulun man shanu, na dama fura na zuba shi har yana iyo, na miƙa mata. Na ce, "Shanye, ko kya ɗan yi kumari kafin in tafi."

Ta karɓa ta ajiye a gefe. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Ta ce, "Inna, in faɗa miki wata magana, ba za ki yi fushi ba?"

Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "Ni fa ban rame ba. Jikina ne ya dawo. Ƙibar da kika kai ni ɗaki da ita ta ɗura ce, ina sha ina zagayawa bayan ɗaki ina kuka. Tun ina ƙarama, in baƙi sun zo sai ki ce, 'Ga Sillan-kara nan, ta ƙi jin abinci,' su yi dariya. Ni kuwa sai in ga kamar ni kaɗai ce ba ki gama haifa ba. A nan tun da na zo ba wanda ya taɓa cewa komai a kan jikina. Ladi kawai suke kira na."

Wallahi ban taɓa sanin sunan nan yana yi mata ciwo ba. Ni a wurina wasa ne, har da ƙauna a ciki. Hawaye ya zubo mini, na jawo ta na ce, "Yafe mini, auta." Ta ce, "Haba Inna, ba komai," ita ma tana sharar ido. Muna cikin haka Jibrin ya leƙo, ya ga ƙwaryar fura ba mai ita, ya ce, "Yaya, wannan ta wa ce?" Kafin mu amsa ya kafa kai. Muka bushe da dariya, hawaye bai bushe ba.

Sauran kwanakin daɗi kawai na sha. Am Abakar ta koya mini yin kisira, na ƙona mata fiye da wadda na fitar, ni kuma na koya mata ƙosai. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci, amma in muka zauna hira Ladi har gajiya take yi da fassara ta tashi ta bar mu. Ranar da za mu taho gidan duka suka rako mu bakin kogi da kwandon kifi da burodin nan dogo, wanda kafin Yerwa ya zama abin dukan jaki.

Da muka iso gida, Malam na zaune a zaure. Ya leƙa bayana, ya leƙa bayan Jibrin, ya ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Tana ɗakinta."

Ya ce, "Ba ta rame ba ke nan?"

Na ce, "Ta rame."

Ya ce, "To?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam. Ta fi ni ci, ta fi ni ƙarfi, ta fi ni dariya."

Ya yi murmushi yana shafa gemu, ya ce, "Ai tsohuwata ta ɗauko. Haka take har ta koma ga Allah, kuma ita kaɗai take nome gonarta a Fika."

Na ce, "Shi ne ba ka faɗa mini ba, ka bar ni na ƙetare kogi?"

Ya ce, "Asabe, da na faɗa, za ki ji?"

Na tsaya na yi tunani tsakanina da Allah, na ce, "Ba zan ji ba." Ya ce to in shiga in huta, a ɗora masa kifin.